Fatar Kai a Ƙarƙashin Hular Gashi: Mai Take Buƙata ko Wanki?

A Ribah, hedkwatar ƙaramar hukumar Danko-Wasagu a masarautar Zuru, hular gashi ta daina zama abin kallo. Ana ganin ta a kan amare da ƙawayensu, da ma'aikata mata, da masu zuwa coci ranar Lahadi, da ɗalibai da suka dawo hutu daga Zuru ko Birnin Kebbi ko Sakkwato. Akwai kuma masu sa ta a ƙarƙashin ɗankwali ko a cikin ɗakinsu, ba wanda ya sani sai su da makitsiyarsu. Yadda hular ta yaɗu, haka koke-koke uku suka biyo ta: ƙaiƙayi, amosani, da cinyewar gashin goshi.

Bayanan da ake ji a wurin kitso sun saɓa wa juna. Wasu sun ce hula tana hutar da gashi har ya yi tsawo. Wasu sun ce ita ce ke toshe kai ta hana shi numfashi. Inda kusan kowa ya haɗu shi ne magani: in kai ya yi ƙaiƙayi ko ya fitar da fari-fari, to bushewa ce, a ƙara mai. A nan ruɗanin yake, domin a lokuta da dama man da aka ƙara shi ne ke rura matsalar, kuma babu man da zai tsayar da gashin da ja yake tumɓukewa.

Kalmomin da ya kamata a rarrabe

Hular gashi, wadda ake kira wig a kasuwa, gashi ne da aka ɗinka a kan raga mai siffar kai, ana ɗora ta ana cirewa. Ta bambanta da ƙarin gashi, wato gashin doki ko atach, wanda ake kitsawa tare da gashin mace ko a ɗinke shi a jikin kitsonta. Les ita ce siririyar ragar da ke gaban wasu huluna, ana manna ta a goshi da gam don gashin ya yi kamar daga fata ya tsiro. Hular ciki kuwa ita ce 'yar hula mai kama da safa da ake sawa tsakanin kitso da hular gashi. Rilaksa shi ne man kanti da ke miƙar da gashi ta hanyar karya ƙarfinsa.

Abu biyu ne aka fi cakuɗawa: danshi da maiƙo. Danshi ruwa ne da ke cikin fata da silin gashi, shi ke sa su laushi. Maiƙo kitse ne. Babu ruwa a cikin man kaɗanya ko basilin ko man kwakwa. Aikinsu shi ne su rufe saman gashi ko fata su rage gudun ruwan da yake ciki. Idan aka shafa su a kan gashin da ya riga ya bushe ƙayau, zai yi sheƙi, amma a ciki yana nan a bushe.

Haka kuma fatar kai daban, gashi daban. Fatar kai rayayyiya ce, tana da jijiyoyin jini, tana fitar da gumi, tana kuma da ƙananan matatsu a gindin kowane sili da ke fitar da maiƙon jiki ba dare ba rana. Silin gashi da ya fito waje ba rayayye ba ne. Tushensa, wanda ke binne a cikin fata, shi ne mai rai, kuma daga jini yake samun abinci da iska. Don haka maganar cewa hula tana hana gashi numfashi ba ta da tushe. Illar rufe kai tana zuwa ne ta wata hanyar: zafi, gumi da datti da ke taruwa.

Yadda hular ta iso mana

Ƙara wa kai cika ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Iyayenmu sun yi kitson zare, sun yi doka da ake ɗagawa a kan ƙunshin tsumma. A can Masar ta zamanin Fir'auna ma manyan mutane suna aske kai su ɗora hular gashi. Abin da ya canza shi ne kayan aiki da araha. A shekarar 1957 kamfanin Japan da yanzu ake kira Kaneka ya fara fitar da zaren roba mai suna Kanekalon, wanda daga baya ya zama ginshiƙin gashin kanti. Yau birnin Xuchang da ke lardin Henan a ƙasar Sin shi ne babbar cibiyar ɗinka huluna a duniya, kuma wani kaso na gashin mutum na gaske yana fitowa daga wuraren bauta na Indiya, irin na Tirumala kusa da Tirupati, inda masu ziyara ke aske kai a yi gwanjon gashin. Daga can kaya ke sauka Legas da Anaca da Kano, su gangaro har kasuwannin ƙasar Zuru.

Dalilan sa ta suna da yawa, kuma ba duka ne ado ba. Ma'aikaciya tana ganin ta fi sauƙi a kan zaman kitso na awa huɗu. Wata gashinta ya zube bayan haihuwa ko doguwar jinya. Wata goshinta ya riga ya cinye, tana neman sutura. Wannan rukuni na ƙarshe shi ya fi buƙatar a yi masa bayani, domin hular da aka ɗauko don ɓoye matsala tana iya ƙarasa abin da ya rage.

Abin da ke gudana a ƙarƙashin hula

A fatar kan kowane baligi akwai wani nau'in ƙwayar funfuna da ido ba ya gani, masana suna kiran ta Malassezia. Ba baƙuwa ba ce, da ita muke rayuwa. Amma ba ta iya haɗa kitsen da take buƙata da kanta, sai ta ci daga maiƙon fata. Idan ta sami zafi da laima da maiƙo mai yawa sai ta hayayyafa, ragowar abin da ta ci ya riƙa ƙona fatar masu saurin kamuwa, fata ta fara saɓa da sauri. Wannan saɓar ita ce amosani. An ƙiyasta kusan rabin manyan mutane a duniya suna fama da shi a wani lokaci na rayuwarsu.

To a duba yanayin da hula ke samarwa. Kitso a ƙasa, an cika shi da mai, hular ciki ta leda a kansa, sannan ragar hula da zaren roba, wani lokaci kuma ɗankwali ko gwaggwaro a sama. Abin ya yi kama da ɗanyen tufa da aka ƙulle cikin leda a tsakiyar damina. Ban da amosani, ƙwayoyin cuta suna shiga bakin ramin gashi su haifar da ƙuraje masu ruwa ko mugunya, ga kuma warin da mace ke jin kunyarsa har ta ƙi cire hular a gaban mutane, wanda hakan ke ƙara tsawaita rufewar.

Yanayin Ribah yana da hannu a ciki, kuma yana sauyawa sau uku a shekara. Daga Maris zuwa Mayu zafin bazara ke mulki, gumi ya fi komai yawa. Daga Yuni zuwa Oktoba damina ce, kuma kudancin Kebbi ya fi Birnin Kebbi da Argungu samun ruwa, iska tana ɗauke da laima, kitson da aka wanke yana daɗewa bai bushe ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, iska busasshiya mai ƙura, leɓe da diddige suna tsagewa. A wannan zangon na ƙarshe ne fatar kai ta fi saurin bushewa da gaske har ta nemi taimako. Wadda take shafa mai iri ɗaya, yawa ɗaya, daga Janairu zuwa Disamba, ba ta yi la'akari da garin da take zaune ba.

Akwai alamun da ke raba bushewa da amosani. Busasshiyar fata tana fitar da gari fari, ƙanana kamar ƙura, mace tana jin kan ya ɗaure, kuma yawanci hannu da ƙafa ma a bushe suke. Amosani ɓawonsa ya fi girma, yana da maiƙo, yana manne wa fata da gindin gashi, wani lokaci da ɗan rawaya, ƙaiƙayinsa ya fi tsanani. Yakan leƙo gira, gefen hanci da bayan kunne, kuma a baƙar fata yakan bar wurin ya yi haske fiye da sauran jiki. Wadda ta ga waɗannan alamun na biyu, kanta ba ƙishin mai yake yi ba.

Shafa mai: abin da iyaye suka ce da abin da likitoci suka ce

Ra'ayin farko shi ne wanda aka gada. Ana tsaga kai layi-layi a bi da man kaɗanya ko man shanu ko alayyadi kafin kitso, kuma an yi shekaru aru-aru ana yi. Wannan al'ada tana da hujja. Gashinmu a nannaɗe yake, maiƙon da fata ke fitarwa ba ya iya gangarowa daga tushe zuwa baki kamar yadda yake yi a miƙaƙƙen gashi. Shi ya sa silin yake saurin bushewa da karyewa, musamman wajen tsifa da taza. Mai yana rage wannan karyewa. A 2003 wasu masu bincike biyu a Indiya, Rele da Mohile, sun nuna cewa man kwakwa yana ratsa cikin sili yana rage zubewar sinadarin da ke gina shi, abin da man ma'adini irin dangin basilin bai yi ba. Ga shi kuma kaɗanya itaciya ce ta wannan yanki, daga kudancin Kebbi har Neja, manta na hannu yana samuwa ba tare da an haɗa shi da turare ko launi ba, kuma mai kyau ne ƙwarai ga gashi.

Ra'ayi na biyu na likitocin fata ne. Su sun ce gashi ne mai ƙishi, fatar kai kuwa tana cikin wuraren da suka fi maiƙo a jikin mutum. Man tsirrai, na zaitun da na kaɗanya da na gyaɗa, suna ɗauke da irin kitsen da Malassezia ke ci. A ɗakin gwaji ma, idan ana son a raini wannan ƙwaya, man zaitun ake zuba mata. Basilin ba ta iya cin sa, amma yana da nauyi, yana riƙe ƙura da gumi, yana toshe ramukan fata har ƙananan ƙuraje su jeru a goshi. Akwai kuma wata illa ta ɓoye: mai yana kwantar da ɓawon amosani ya manne, sai mace ta ga kamar ya warke, bayan kwana uku ya dawo fiye da da, ita kuma ta ƙara mai.

A ganina ra'ayoyin nan biyu ba su yi karo yadda ake zato ba. Iyayen da suka shafa man kaɗanya a tsagar kai, kansu a buɗe yake cikin gida ko a ƙarƙashin kallabin auduga da iska ke ratsawa, gumi yana bushewa, kuma ba su kwana da leda a ka. Al'adar ta dace da wancan yanayin. Hular roba ta canza shi, saboda haka dole gwargwado ya canza.

Abin da ya fi dacewa ga mai sa hula shi ne ta fara da ruwa. A yayyafa wa kitso ruwa mai tsabta da 'yar kwalbar feshi, ko ruwan da aka ɗiga wa gilisarin kaɗan, wani sinadari mai janyo laima da ake samu a kantin magani. Sannan a murza ɗan mai a tafin hannu, kamar girman ƙwayar gyaɗa, a shafa a jikin kitson da bakinsa. A bar shi ya sha iska kafin a ɗora hula. Sau biyu ko uku a mako ya isa a hunturu. A bazara da damina sau ɗaya ma kan wadatar. Ita fatar kanta, idan ba ta nuna alamar bushewa ba, a ƙyale ta. Idan hunturu ya busar da ita, ɗigo kaɗan a kan yatsa bayan wanki ya wadatar. Wadda ke da amosani kuwa ta janye mai daga fatar gaba ɗaya har sai ya lafa.

Akwai masu haɗa man gashi da tafarnuwa, albasa, citta, barkono ko kananfari don gashi ya fito. Zafin da ake ji ba alamar aiki ba ne. Ɗanyar tafarnuwa tana ƙona fata har ta yi bororo, ballantana an rufe ta da hula yini guda.

Goshi: inda mai ba shi da ta cewa

Cinyewar gashin goshi da gefen kunne ita ce ta fi sa mata kuka, kuma ita aka fi yi wa gurguwar fahimta. Sanadinta ja ne. Tun a 1907 wani likita ɗan Ostiriya mai suna Trebitsch ya bayyana ta a tsakanin matan Girinlan masu ɗaure gashi tamau. Shekara ɗari bayan haka, a 2007, Farfesa Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta suka duba mutane a Cape Town ta Afirka ta Kudu, suka sami irin wannan zubewa a kashi 31.7 cikin ɗari na manyan mata da kashi 17.1 na 'yan mata 'yan makaranta. Sun kuma gano cewa haɗarin ya fi yawa idan aka yi kitso mai ja a kan gashin da aka sa wa rilaksa. Alƙaluman na can ne, amma gashin iri ɗaya ne da namu, salon kitson ma haka.

Hular gashi tana jan goshi ta hanyoyi huɗu. Na farko kitson ƙasa, wanda ake matsewa don hula ta kwanta sumul. Na biyu ƙananan matazai da maƙalai da ke cikin hular, waɗanda ake soka su a wuri ɗaya kullum. Na uku robar da ke zagaye kai da bakin hular ciki, masu gugar gashin gaba duk lokacin da aka motsa. Na huɗu gam. Gashin goshi shi ne mafi siranta a kai, kuma duk waɗannan a kansa suke sauka.

Jiki yana ba da sanarwa tun da wuri. Kitson da ya hana barci, ko ya sa ciwon kai, ko ya ɗaga fata tsakanin layuka, ko ya fito da ƙananan ƙuraje a bakin goshi, ya yi tsauri. An saba cewa a daure, zai saki bayan kwana biyu, wasu har su sha maganin ciwon kai su kwanta. Sakin da ake ji, wani ɓangarensa gashi ne ya tumɓuke. Mace tana da haƙƙin ta ce wa makitsiya, “Yaya, sassauta mini gaban nan,” kuma makitsiyar kirki ba za ta ji haushi ba. A farkon lamari, idan aka daina ja, gashi yana dawowa. Idan aka shekara da shekaru ana yi, tushen yana mutuwa, tabo ya maye gurbinsa, fatar ta yi santsi tana sheƙi. A wannan matakin babu man kanti ko na gargajiya da zai tsiro da shi, duk abin da mai talla zai faɗa.

Gam yana da nasa haɗarin daban. Baƙin gam na manna gashi yana ɗauke da ƙaron roba, wanda jikin wasu ba ya karɓa. An sami waɗanda ya sa musu kumburi da sarƙewar numfashi. Farin gam na les ma yakan sa ja, ƙaiƙayi da ƙuraje a goshi. Wadda za ta yi amfani da shi ta gwada ɗigo a bayan kunne ta jira kwana biyu. A manna shi a fata, gaba da inda gashi ya fara, kuma a cire shi da abin narkar da shi ko da mai, a hankali, ba a fizge shi a bushe ba. Gam ɗin gyaran takalmi ko na manna roba bai da wuri a jikin ɗan Adam. Mafi aminci dai ita ce hular da ba ta buƙatar gam, wadda ake riƙe ta da lallausan maɗauri mai faɗi.

Wanki da busarwa

Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka tana ba masu irin gashinmu shawarar wanke kai sau ɗaya a mako ko a mako biyu. Ga mai sa hula a bazarar Ribah, mako-mako ya fi. Ba sai an tsefe kitso ba: a tsarma shamfu da ruwa, a bi tsagar da tafin yatsu ba da farce ba, a ɗauraye sosai. Sabulun salo yana wanke maiƙo da kyau amma yana da kaifi, yana iya busar da gashi, don haka a rage yawansa a bi da mai laushi. Karkashi, wanda mata suka daɗe suna wanke kai da shi, yauƙinsa yana sauƙaƙa warware gashi ya rage karyewa, sai dai ba ya cire maiƙo mai nauyi kamar sabulu. Omo da sabulun wankin kaya suna ƙona fata.

Idan amosani ne, akwai shamfu mai ɗauke da ketokonazol, wanda aka fi sani da sunan Nizoral, da masu seleniyam salfaid ko zink piritiyon. Ana shafa shi a fatar kai, a bar shi minti uku zuwa biyar kafin a ɗauraye, sau biyu a mako har mako biyu zuwa huɗu, daga nan a riƙa yi jefi-jefi don kada ya dawo. Yawancin masu cewa bai yi musu aiki ba, ɗauraye shi suke yi nan take.

Busarwa ta kai wanki muhimmanci. Cikin kitso yana riƙe ruwa ko da samansa ya bushe, don haka ranar wanki ta zama ranar da ba za a fita da hula ba. A cire hula kowane dare a kwana da kallabi mai santsi. A tsefe kitson ƙasa bayan mako biyu zuwa huɗu, a sauya inda layukan suka dosa, a bar kai ya huta kwana biyu kafin sabo. Hular ciki tamkar kamfai ce wajen tsabta, a mallaki biyu ko uku ana wankewa. Ita ma hular gashin a riƙa wanke cikinta a shanya a inuwa, kuma sabuwa a wanke ta kafin a fara sawa. A farkon 2025 ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka ta gwada nau'i 10 na gashin roba na kitso ta sami dalma a cikin 9. Gwajin bai shafi huluna kai tsaye ba, amma ya isa ya sa a yi hattara da abin da ke kwana a jikin fata. Mai girki da itace ko gas kuma ta tuna cewa zaren roba mai araha yana narkewa ya manne wa fata idan wuta ta lashe shi.

Aron hula tsakanin ƙawaye lokacin biki al'ada ce da ya kamata a bari. Kwarkwata da makero suna bin hula, mataji da hular ciki daga kai zuwa kai.

Mahangar addini

Ƙasar Zuru gida ce ga Musulmi da Kirista da masu bin al'adar gargajiya, kuma tambayar halasci tana tasowa a gidaje da yawa. A Musulunci, hadisai ingantattu a Bukhari da Muslim sun yi hani mai tsanani ga haɗa gashi da wani gashi, ga mai yi da wadda aka yi wa. Mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a nan, tana cikin masu tsanantawa. Malaman Hanafiyya sun sassauta idan abin da aka ƙara ba gashin mutum ba ne. A kan hular da ake ɗorawa a cire, malaman zamani da dama sun haɗa ta da wancan hani, amma wasu, ciki har da Shaihu Ibn Usaimin, sun yi rangwame ga macen da ba ta da gashi saboda cuta, domin a wurinta rufe aibi ne. Abin da ya shafi tsarki kuma a fili yake: shafar kai a alwala da isar ruwa ga fatar kai a wankan wajibi ba sa yiwuwa ta saman hular da aka manne da gam na makonni. A ɓangaren Kirista, wasu majami'u irin su Deeper Life sun daɗe suna hana mabiyansu mata ƙarin gashi, wasu kuma sun bar wa mace zaɓinta. Hukunci na malamai ne da limaman coci. Ta fuskar lafiya, hular da ake cirewa kullum ita ce mafi sauƙin illa, kuma ita ce ba ta tare hanyar ruwa.

Lokacin da ya kamata a nufi asibiti

Ba kowace zubewar gashi ce laifin hula ba. Mutum mai lafiya yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, kuma wadda ta yi mako uku da kitso za ta ga na kwanakin duka a tare ranar tsifa, kada ta firgita. Bayan haihuwa da wata biyu zuwa huɗu gashi yakan zube da yawa sannan ya dawo da kansa. Ƙarancin jini, zazzaɓi mai tsanani da ciwon maƙoƙo ma suna zubar da shi, kuma waɗannan gwajin jini ke nuna su.

Makero, mai cin gashi ya bar da'ira mai ɓawo, ya fi kama yara amma yana kama manya. Man shafawa kaɗai ba ya kashe shi domin yana cikin tushen gashi, sai an sha magani irin girisiyofulbin na makonni shida zuwa takwas bisa umarnin likita. Akwai kuma wata zubewa mai barin tabo da ke farawa daga tsakiyar kai tana faɗaɗa a hankali, ta fi yawa a matan Afirka. Binciken da aka wallafa a 2019, wanda Farfesa Ncoza Dlova ta Durban ke cikin masu yin sa, ya nuna tana da alaƙa da gado. Mai sa hula kullum tana iya shekara ba ta lura da ita ba, domin wurin ba ya ganuwa a madubi. Makitsiya ce ke fara gani, kuma faɗar gaskiya a nan ya fi ƙoƙarin rufe wurin da salon kitso.

Wani abin damuwa shi ne mayukan bututu masu ɗauke da sitiroyid, irin waɗanda ake haɗawa a man bilicin, da wasu ke zubawa cikin man gashi don kashe ƙaiƙayi. Suna kwantar da shi na ɗan lokaci, amma suna sirantar da fata, suna ɓoye makero ya bazu, kuma ciwon yana dawowa da ƙarfi idan aka daina. Minoksidil, wanda likitoci ke bayarwa don taimaka wa goshin da bai mutu ba, shi ma ba na mai ciki ko mai shayarwa ba ne.

Mugunya, kumburi, ciwon da ya ƙi lafawa, wurin da ya yi santsi babu ko ɗigon gashi, ko amosanin da ya wuce wata guda ana magani bai ragu ba, duk dalilai ne na ganin ma'aikacin lafiya. A fara da asibitin da ke kusa ko babban asibitin Zuru. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda ake ganin likitan fata. Gashinmu yana tsawo ƙasa da santimita ɗaya a wata, don haka wadda ta sassauta kitso ta ajiye gam tana buƙatar wata uku zuwa shida kafin ta ga sauyi a goshinta. Idan wata shida suka cika babu sabon tsiro, kada ta ƙara kashe kuɗi a kan wani sabon mai, ta nemi a duba ta.